Ɗani Ɗaya da Mita Uku

A ranin da ya biyo bayan ambaliyar 2022 na yi wata biyu ina awon gonaki a fadamar da ke gabas da Haɗeja, daga ƙauyukan Kiri Kasamma har zuwa wajejen Guri. Wani shirin tallafa wa manoma ne ya ɗauke mu aiki. Aka ba kowannenmu waya, da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, da sanda mai tsawon mita biyu da ake ɗaura na'urar a kanta. Manomi zai shige gaba, ka bi shi, duk inda ya ce nan ce kusurwa sai ka kafa sanda, ka jira, ka danna. In kun zagayo inda kuka faro, gonar ta fito a fuskar waya da siffarta da faɗinta. A kan wannan faɗin ake lissafa iri da takin da za a ba shi.

Jiran nan ne ya fi ɗaure wa manoma kai. Wata rana da hantsi, wani dattijo da muke tsaye a kusurwar gonarsa ta alkama ya ce da ni, "Ɗana, me kuma kake jira? Ga iyaka nan a gabanka."

Na nuna masa wata lamba da ke sauka a ƙasan fuskar wayar: tara, bakwai, biyar, uku. Na ce, "Baba, na'urar ce ke faɗin iyakar saninta. Tana cewa inda take zaton muna tsaye zai iya kaucewa da kamar mita uku."

Ya dubi ƙasa, ya auna mita ukun da ido daga ƙafarsa zuwa cikin gonar maƙwabcinsa. Sannan ya ɗago ya ce, "To, mita ukun nan, ta wace ce a cikinmu?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Tambayar kuwa ba ta sake ni ba har yau.

Malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari in faɗi yadda abin yake aiki. Can sama, nisan kilomita kusan 20,200, taurarin ɗan'adam na tsarin GPS suke kewaya duniya. Sojojin Amurka ne suka harba na farkonsu a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Rasha na da nata mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin na'urorin yanzu suna sauraron fiye da ɗaya. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma dare da rana shela biyu yake yi: ga inda nake, ga lokacin da na yi magana. Na'urar da ke kan sandata ba ta aika komai sama, ba kuma wanda ke leƙenta daga can. Sauraro kawai take yi. Tana lissafa daɗewar da saƙo ya yi a hanya, ta gane nisan da ke tsakaninta da mai saƙon. In ta ji daga taurari huɗu, ta fitar da inda take. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa mutum mita 300 daga inda yake. Sararin samaniya yana jinkirta saƙon, rassan tsamiya suna tare shi, bangon gini yana maido shi ta wata hanya. Daga nan mita ukun ta samo asali.

Na'urar tana miƙa wa waya lambobin ta Bluetooth, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Manhajar da ke cikin wayar, irin su QField ko KoboCollect, sai ta haɗa su da fom: sunan manomi, garinsu, abin da ya shuka. Da dare in an samu sabis a tura. A ofis a buɗe QGIS a kwamfuta, sai ga gonaki sun jeru a kan hoton fadama kamar facin da aka ɗinka a jikin riga.

Na ƙaunaci wannan aiki tun ranar farko, kuma ina da dalili. Kakana yana cikin dattawan da bulama ke aika wa in rigimar iyaka ta tashi. Shaidunsu layin gamba ne, da kututturen goruba, da tsohuwar kunya, da ramin rijiyar da ta rufta. A tudu waɗannan alamu suna kai shekara da shekaru. A fadama kuwa ruwa ke da iko da su. A 2020 da 2022 na ga samarin Haɗeja suna kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari, na kuma ga abin da ya bari a ƙauyuka bayan ya janye: fili guda na laka, shafe, babu kunya babu gamba. Na san 'yan ɗaki ɗaya da suka daina gaisawa a kan inda iyakar mahaifinsu take. Da na riƙe na'urar da ke mayar da kusurwar gona lamba, sai na ce alhamdu lillahi, ga alamar da ruwa ba zai ci ba.

Na kuma san alherin da irin wannan fasaha ta jawo a yaƙi da shan-inna. Daga wajen 2012 aka fara ba masu ɗiga rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu riƙe sawunsu, ana ɗora sawun a kan taswirar da aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam. Sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka waɗanda taswirar hannu ta tsallake sun bayyana, aka kai wa yaransu magani. A watan Agustan 2020 aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ni ba na cikin masu ganin awon ƙasa baƙon abu ne a Musulunci. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya tura masana taurari cikin hamada su auna tsawon digiri guda na doron ƙasa. Kusan shekara ɗari biyu bayansa Albiruni ya rubuta littafi guda a kan gano matsayin garuruwa, yana neman alƙiblar Gazna. Sanin inda kake tsaye hidimar sallah ce a wurinsu.

Abin da ya sauya mini tunani a wani ƙauye ya faru, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Wani mai faɗa-a-ji ne ya zagaya da ni gonarsa. Ta ɓangaren arewa ruwa ya shafe komai. Shi yana tafiya kamar mai shiga ɗakinsa, ni kuwa rana ta take, ga sauran gonaki da yawa kafin la'asar, ga shi a kan yawan gonaki ake biyanmu. Muna cikin tafiya muka tsallake wani ɗan tudun ƙasa mai tsawo, kamar ragowar kunya. Zuciyata ta ɗan yi tsam. Ban tambaya ba. Muka ƙara taku ashirin, ya ce nan ne. Na kafa sanda. Lamba ta sauka har mita biyu da rabi, mafi kyawun da na samu a yinin. Na danna.

Bayan mako uku na koma ƙauyen. A ƙofar gidan bulama wata mata ta tare ni.

"Ɗan nan, kai ne mai sanda?"

"Ni ne, Inna."

"An ce gonar marayuna ta shiga wayarka da sunan wani."

Mijinta ya rasu a ƙarshen damina. Lokacin da muka zo awo tana cikin takaba, ba ta fita, ba wanda ya kawo sunanta. Taku ashirin ɗin nan, a tsawon gonar gaba ɗaya, shi ne abin da ya bar wa 'ya'yansa a fadama. Mutumin kuwa har ya fara faɗa a majalisa cewa kwamfuta ta tabbatar masa.

A ofis, in gonaki biyu suka hau juna, manhaja tana nuna wurin, a kira masu awon a tambaye su. Nawa awon ya wuce lafiya lau, domin gonar matar ba ta taɓa shiga ba, balle wata ta hau ta. Manhaja tana iya kama saɓani tsakanin mutum biyu da suka samu shiga. Wanda aka bari a waje ba ta san da shi ba.

Na ɗauki damuwata na kai wa malamin da na yi karatun Risala a zaurensa. Bayan asuba, da ɗalibai suka watse, na matsa kusa. Tambaya biyu na je da su, ta mita uku da ta taku ashirin, amma na fi jan magana a kan ta farko, domin zuciyata tana son ta fake a bayanta.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan wanda ya ci ƙasar wani da zalunci ko da gwargwadon ɗani ce, da azabar da ke jiransa ranar alƙiyama. Muslim kuma ya ruwaito tsinuwa a kan mai sauya alamar iyaka. Ɗani kamar santimita ashirin ne. Ni kuwa ma'aunina da bakinsa yake cewa yana iya kaucewa da mita uku, kusan ɗani goma sha biyar ke nan, a kowace kusurwa. Ina makomar mai irin wannan aiki?"

Malam ya bar ni na gama, har da labarin matar. Sannan ya ce, "Ɗana, ka haɗa abu biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Ma'aunin da ya faɗa maka iyakar saninsa bai ha'ince ka ba. Mai awon hatsi ma ba ƙwaya-ƙwaya yake ƙirgawa ba. Abin da aka hana shi ne ya cika tiya in zai saya, ya tauye in zai sayar. Mita ukun nan taka, gefe ɗaya take karkata kullum?"

Na ce a'a, yau gabas, gobe yamma.

Ya ce, "To ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san maraya ba. Taku ashirin ɗin fa, ina suka karkata?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Na'urarka ta ba da shaida a kan abin da ta sani, wato inda sandarka ta tsaya, kuma ta yi gaskiya. Ba ta ce gonar wane ce ba. Wanda ya rubuta suna shi ya ba da wannan shaidar. Ka ga kunyar?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "To." Can kuma ya ƙara da cewa ko da ban gani ba, a fiƙihunmu kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke ramuwa a dukiyar mutane.

Na daɗe ina juya wannan magana. A shari'a, mai da'awa daban, mai shaida daban, kuma mai shaida ba ya faɗin abin da bai sani ba. A gonar nan kuwa mai da'awa ne ya zama shaidar kansa, ta hanyar ƙafata. Maganarsa ta shiga na'ura tana da'awa, ta fito tana lamba mai dogon jeri, an buga ta a takarda. Mutanen da za su iya musu da bulama ido da ido sai su yi shiru a gaban takardar. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ya tsorata ni shi ne, a nan ji ne ya sa rigar gani. An gaya mana tun farko cewa taswirar ba takardar mallaka ba ce, ta rabon taki ce kawai. Amma duk wanda ya san ƙauye ya san cewa takardar da aka ajiye a ƙasan akwati yau, bayan shekara ashirin ita za a fito da ita a gaban alƙali.

A zamanin Turawa, a lardin Kano, akwai malaman taki, masu auna gonaki da taku don a yanka haraji. Ƙafar mutum ce ma'auni a lokacin. Na ɗauka mun wuce nan da nisa. Ashe har yanzu ƙafa ce: taurari suna faɗin inda ta tsaya, amma ba su ke tsayar da ita ba. Yau akwai na'urori masu karɓar gyara daga tashar ƙasa, waɗanda kuskurensu bai wuce 'yan santimita ba, ƙasa da ɗani ɗaya. Da irinsu na riƙe a ranar, da mita ukun ta kau, taku ashirin kuwa suna nan daram, sai ma dai a rubuta zaluncin da rubutu mafi kyau.

Daga nan na fahimci cewa lamba ma tana da isnadi. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya a kan mafarin awo na Minna aka gina su, GPS kuwa da wani mafari yake aiki mai suna WGS84. Wuri ɗaya, lamba biyu. In ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da juyawa ba, gona tana iya yin tsalle na mita gommai. Kafin watan Mayun 2000 ma, gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke karɓa, har kuskure ya kai kusan mita 100, sai da ta ga dama ta daina. Malaman hadisi ba su karɓar magana, komai daɗinta, sai sun ji wa ya ji daga wa. Haka ya kamata a yi wa kowane ɗigo a taswira: wa ya riƙe sanda, wa ya shige gaba, su wa ke tsaye, wace rana, da wane mafari, da kuskuren mita nawa. Ɗigon da ba shi da waɗannan, labarin kanzon kurege ne, ko da daga sama ya sauko.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wanda sai ɗan fadama zai ji shi a jikinsa. Ƙasarmu ba ta zama wuri ɗaya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kachalla ta samu ruwa rani da damina, ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa wajen Nguru. Wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu wuraren suka bushe. Ko a shekarar lafiya, fili ɗaya hannu da yawa ke ci a cikinsa. In ruwa ya cika, masunta ne da kwale-kwalensu. Mai shinkafa yana jiran kakarsa. In ruwa ya janye, mai noman rani ya shigo. In an girbe, shanun Fulani su ci karmami su bar taki. Mata su yanki kaba a gefen goruba. Fom ɗin da ke wayata kuwa gurbin suna ɗaya ne da shi: na mai gona. Burtali ba shi da mai shi da zai shige gaba ya nuna mini kusurwarsa, mashaya ma haka. Don haka taku-taku suke shigewa cikin gonakin da ke gefensu, a taswira kamar yadda suke shigewa a ƙasa, kuma kowa ya san abin da toshewar burtali ke haifarwa tsakanin manoma da makiyaya a Guri da Kiri Kasamma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin mataccen fili da hurumin da ba a mallaka wa mutum ɗaya. Magabata sun san cewa akwai haƙƙin da ba shi da suna guda. Abin kunya ne a ce fom ɗinmu bai san haka ba, alhali ƙara masa gurbi aikin yini ɗaya ne.

Wani abokin aikina, da ya ji labarin matar, cewa ya yi gara a bar wa dattawa harkar iyaka kamar da, a ajiye na'ura. Ban yarda da shi ba. Dattawa suna mutuwa, ruwa yana cin gamba, jama'a tana ƙaruwa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma ranar da hanya ko madatsa za ta ratsa, wanda ke da takarda shi ake fara saurara a wajen diyya. Mai ƙarfi yana da hanyoyi da yawa na kare gonarsa. Marainiya da matar da ke takaba su suka fi kowa bukatar taswira ta gaskiya. Maganin mugun awo kyakkyawan awo ne, kuma kyansa a wurin mai riƙe da sanda yake.

Na faɗa wa shugaban aikinmu abin da na yi, aka ba ni izinin sake awo. Muka fita da bulama, da ƙanin marigayin, da maƙwabtan ɓangarori huɗu, da mutumin da kansa. A wurin ɗan tudun nan wani tsoho ya sa fartanya ya tona. Ƙasa da kamu ɗaya sai ga saiwar gamba a jere cikin laka, ta miƙe daga gabas zuwa yamma. Ba wanda ya ƙara magana. A nan na kafa sanda. Rabon taki na wannan shekarar ya riga ya wuce matar, don haka na sayi abin da ya sauƙaƙa daga ladan aikina na kai mata, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta karɓa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma ka riƙa tambaya."

Ina tambaya yanzu. Minti gudan nan da na'ura ke ɗauka kafin lambarta ta sauka, shi na mayar lokacin tambaya. Wa kuke iyaka da shi ta nan? Yana raye? Yana gari? A kira shi. Shanu suna bi ta nan? Da damina wa ke kamun kifi? Inda aka yi musu, ina rubuta cewa an yi musu. Inda ba a samu maƙwabci ba, ina rubuta cewa mai gona ne kaɗai ya nuna. Gonakin da nake gamawa a yini sun ragu, kuɗin ma sun ragu. Malamanmu kan rufe fatawa da cewa Allah ne mafi sani, na'urar kuma tana rufe kowane awo da faɗin iyakar saninta. Ni kaɗai ne a tsakaninsu nake danna abin da ban tabbatar ba ba tare da na ce komai ba.

Ban sake haɗuwa da dattijo mai gonar alkama ba, amma in Allah ya haɗa mu ina da amsarsa. Zan ce, Baba, mita ukun nan ba taka ba ce, ba ta maƙwabcinka ba ce, ba kuma ta na'ura ba ce. Layin da ka gani siriri a takarda, a ƙasa faɗinsa mita uku ne, kuma na rubuta haka a jikin takardar don jikokinku su gani. A cikin wannan faɗin, taurari sun yi iyakar abin da za su iya. Abin da ya rage ku biyu ne, da gambar da za ku sake dasawa tare kafin ruwa ya dawo.